Jirgin Bu Jasim a Hannun Ɗalhatu

Tun ranar da na fara ganin Ɗalhatu na san mutumin nan zai sa mini ciwon kai. Sunana Ghali, ɗan Fagge ne ni, gadi nake yi a ƙofar wata matsayar ƙananan jiragen ruwa da ke bayan dogayen benayen Dafna a Doha. Shi kuwa direba ne, mutumin wani ƙauye a bayan Malumfashi, dogo, marar surutu, irin mutanen nan da in ka ba su labarin ban dariya sai sun gama nazarinsa kafin su yi murmushi. Wani dattijo ɗan ƙasar yake tuƙawa, ana ce masa Bu Jasim. Shi ne kafil ɗinsa, wato shi ya ɗauko shi aiki daga gida, Ɗalhatu kuma Baba yake ce masa.

Bu Jasim yana da jirgi a wurinmu, kuma a duk matsayar babu wanda ya kai shi tsufa. Fari ne, mai inji ɗaya a ciki, da 'yar rumfa, an zagaye bakinsa da jan katako. 'Ya'yan dattijon kunyarsa suke ji, don su nasu sababbi ne masu hawa biyu. Shi ko a jikinsa. Duk Juma'a bayan la'asar sai ga su, Ɗalhatu riƙe da filas ɗin gahawa, tsoho a gaba yana sauri kamar wanda zai je ɗaurin aurensa. Shi ya koya wa Ɗalhatu riƙon sitiyarin jirgi, har ya sa aka yi masa takardar tuƙi. Sai su fita, su dawo gab da magariba, wata rana da kifi, wata rana haka nan.

Farkon shekarar da korona ta shigo, ciwon suga ya tasar wa dattijon, aka ce za a fitar da shi waje a duba shi. A gabana, a bakin ƙofata, ya zaro makullin jirgin ya danƙa wa Ɗalhatu, ya haɗa hannunsa biyu ya rufe nasa.

"Ga amana," ya ce. "Ka kula mini da shi sai na dawo."

Ɗalhatu ya ce, "Insha Allahu, Baba, yadda ka bar shi haka za ka same shi."

To, ka ji maganar da ta ɗaure shi. Ɗalhatu ba shi da gida a birni, ba shi da mota, ba shi da wani ilimin a zo a gani. Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya: a gidansu ba a taɓa cin amana ba. Burinsa ke nan, ranar da tsohon zai dawo ya miƙa masa jirginsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Dattijon bai daɗe da tafiya ba aka rufe hanya. Aka sa mana takunkumi a fuska, in manhajar lafiya da ke wayarka ba ta nuna kore ba ko kantin burodi ba ka shiga. Labari ya zo cewa cutar ta kama Bu Jasim a can, daga ita kuma sai wannan ya lafa wancan ya taso. Tafiyar wata guda ta zama ta shekara biyu da ɗoriya.

Duk tsawon wannan lokaci, in dai an bar mutum ya fito, Ɗalhatu yana nan. Ya sauke matan gidan inda za su, ya zo da bokiti da tsumma. Ya wanke jirgin nan daga gaba har baya, ya goge gilashi, ya shafe jan katakon da mai har ka ga fuskarka a ciki. Ɗan ruwan da ya taru a ƙasa ya kwashe da roba. Ya saya masa tamfol don rana. Amma makullin nan, ya naɗe shi a ƙyalle ya kai shi ƙasan akwatinsa a gidan dattijon da ke unguwar Rayyan, bai ƙara fito da shi ba.

Da aka sassauta kulle, jirage suka fara fita, sai na same shi. Gaskiya son raina ne ya kai ni, shekaru ina gadin teku ban taɓa hawa kanta ba.

Na ce, "Malam Ɗalhatu, ɗauko makullin nan mana mu ɗan zaga. Ko nan da can."

Ya ce, "Ba nawa ba ne."

"Na sani ba naka ba ne. Ai ba sayarwa na ce mu yi ba."

"Ajiya aka ba ni, Ghali, ba aro ba."

Daga nan sai ya ɗauko mini labarin keke, wanda na ji har na haddace. Wai wani maƙwabcinsu ne zai tafi kudu neman kuɗi, ya bar wa mahaifin Ɗalhatu kekensa. Mahaifin ya ɗaure keken da igiya ya rataye a azarar zaure. Shekara da shekaru yana nan, ko ranar da mahaifiyarsu take naƙuda a ƙasa ya taka zuwa garin da ungozoma take, keke yana lilo a bisa kansa. Da mai shi ya dawo aka sauko masa da abinsa. Nan labarin yake tsayawa kullum, Ɗalhatu ya gyara hula, ya ci gaba da guga.

Haushi ya kama ni. Indiyawan da ke aiki a jiragen kusa ma sun sha yi masa nuni da hannu, ya tada injin ko na ɗan lokaci. Sai ya yi musu godiya, in sun wuce ya ce da ni su ba su san amana ba. Ni kuma me na sani game da jirgi? A Fagge ruwan da ya fi girma shi ne na kwata. Jirgi dai yana ƙyalli, na ɗauka shi ke nan.

Jefi-jefi tsohon yakan kira, muryarsa can ƙasa-ƙasa. "Yaya jirgi?" Ɗalhatu ya ce lafiya lau, Baba. "Teku fa?" Ya waiga ya dubi teku, ya ce ita ma lafiya lau. Bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya.

Ana haka gasar Kofin Duniya ta matso. Gari ya cika da tutoci, aka manna hotunan 'yan ƙwallo a jikin benaye, aka kwaso ma'aikata daga ko'ina. A cikinsu akwai Gafaru, ɗan zangon Sekondi a Gana, makanikin jiragen da za su riƙa yawo da baƙi. Gajere ne, baki gare shi, ya taso a cikin masunta. Ranar da ya fara wucewa ta gaban jirgin Bu Jasim sai ya ja ya tsaya, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi.

"Masa, wa ke da wannan gawa?" in ji shi, "masa" kuwa maigida ke nan a bakin mutanen Gana.

Ɗalhatu ya ajiye tsumma. "Wace gawa?"

Gafaru ya ɗauki sanda ya zura cikin ruwa ya karto cikin jirgin. Abin da ya ɗago ya ba ni tsoro: gansakuka doguwa kamar gemu, da wasu 'yan halittu masu ɓawo kamar katantanwa, sun manne sun yi tauri. Ya ce haka ƙasan yake gaba ɗaya, har farfela. Ya buɗe murfin inji, ya sa hannu zai juya, inji ya ƙi motsi. Ya tambayi yaushe rabon da a tada shi. Da ya ji amsa sai ya cire hularsa ya zauna a kan katako.

"Ɗan'uwa, ruwan gishiri ne fa. Jirgi in bai tafiya, gishiri na cin shi daga ciki. Kai kana wanke mai fuska, shi ya mutu tun bara."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ɗalhatu ya tsaya yana kallon katakon da ya shekara biyu yana gogewa. Ni da nake jiran ranar da zan ce ai na faɗa maka, sai na ji abin ya fita daga raina. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Washegari ya je da kansa ya sami Jasim, babban ɗan dattijon, ya faɗa masa komai. Ya dawo ya zauna a kan bencina.

"Baba zai dawo kafin a fara ƙwallo," ya ce.

"To ai alhamdu lillahi."

"Ghali, Baba ba ya gani. Idon ya tafi duka biyun. Jasim ya ce ba abin da yake ambato sai jirgin nan. Wai so yake ya ji ƙarar injinsa."

Ka ji fa. Duk ƙyallin nan, duk man nan da aka shafa, mai shi ba zai ga ko ɗaya ba. Abu ɗaya da yake nema shi ne wanda Ɗalhatu ya kashe da hannunsa. Jasim bai yi faɗa ba, ya ce a gyara in zai gyaru, in kuma ya ƙi, khalas, wato shi ke nan, a ɗora tsohon a sabon jirgin shi Jasim ɗin, ai duk ruwa ne. Ɗalhatu ya ce da ni ya gwammace a mayar da shi Malumfashi a ƙasa da a yi wa Baba haka.

Masu gyara duk sun cika da aikin gasar, ba wanda zai kalli tsohon jirgi. Gafaru ne ya ce zai riƙa zuwa in ya tashi daga aiki. Aka ɗaga jirgin da ƙugiya aka ɗora a tudu. Ni da Ɗalhatu aka ba mu ƙarfen kankara, mu ne masu kankare ƙasa. Wari kamar an zubar da kifin bara. Hannuna ya yayyanke, na zagi Ɗalhatu, na zagi keken nan, na zagi mai keken da ya tafi kudu. Da na gaji na zauna, shi yana nan kwance a ƙarƙashi yana karta, gumi yana shiga masa ido.

Injin ne ya fi ba da wuya. Gafaru ya warware shi gunduwa-gunduwa ya jiƙa a mai. Wasu kayan tsatsa ta cinye su, kuma an daina yin irinsu. Ɗalhatu ya bi layin 'yan gwangwan a Sana'iyya, unguwar masana'antu, shago-shago, da ruɓaɓɓen ƙarfe a leda, yana nunawa da Larabcinsa na direba. Wani ya samu, wani aka ƙera, wani Gafaru ya yi masa dabara irin tasu ta bakin teku, yana yi yana waƙa.

Ana jibi tsohon zai zo aka mayar da jirgi ruwa. Ɗalhatu ya kwance ƙyallen nan, ya fito da makulli, ya yi bisimilla ya murɗa. Inji ya yi tari, ya yi shiru. Ya sake. A karo na ban san nawa ba ya kama, ya turnuƙe mu da baƙin hayaƙi, sannan ya daidaita. Gafaru ya taka rawa. Ni ma na washe baki. Ɗalhatu kaɗai ya karkata kai yana saurare.

"Ba haka yake yi ba da," ya ce.

Na ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Inji ya tashi, me kuma kake nema? Ka ji ni da kyau: in ya tambaye ka, ka ce kuna fita. Mutum ba ya gani, ba shi da lafiya, kada ka ɓata masa rai a banza."

Ya ɗauki tsummansa ya kama goge murfin inji. Na san ma'anar wannan halin nasa, shi ya sa na ƙara jin haushi.

Ranar Juma'a bayan la'asar Jasim ya kawo shi. Da ƙyar na gane Bu Jasim. Mutumin da yake wuce ni da sauri, yau a keken guragu, ya rame, baƙin tabarau a fuska. Na roƙi abokin aikina ya riƙe mini ƙofa, muka ciccibe shi muka sa a jirgi, a kujerarsa ta kusa da sitiyari. Jasim ya ce yana da baƙi, ya koma mota. Tsohon ya miƙa hannu ya lalubo jan katakon nan, ya shafa shi a hankali har inda hannunsa ya kai.

"Sumul," ya ce. "Ko a hannuna bai taɓa yin haka ba. Yalla, Ɗalhatu, tada shi."

Inji ya tashi bugu ɗaya. Tsohon ya ɗora tafinsa a kan murfin, ya sunkuyar da kai. Mun daɗe a haka, har na fara murna. Sai ya ɗago.

"An buɗe cikinsa."

"An buɗe, Baba."

"Me ya same shi? A ina ya lalace muku?"

Na taka ƙafar Ɗalhatu. Ko kallona bai yi ba.

"A nan, Baba. A ɗaure. Tun da ka tafi ban kwance igiyarsa ba, ban tada shi ba. Gishiri ya cinye shi. Wannan bawan Allah, Gafaru, shi ya tashe shi."

"Ko sau ɗaya ba ka fita ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Don me?"

"Ka ce amana ce. A wurinmu ba a taɓa kayan amana."

Sai kuma, don Ɗalhatu ne, ya kama ba shi labarin keke, da Larabcinsa mai karkata. Na ji kamar in faɗa ruwa. Tsohon ya saurara har ƙarshe, har inda aka sauko da keke daga azara, inda labarin yake tsayawa kullum.

"Da mai keken ya karɓa," in ji Bu Jasim, "ya hau?"

Ni da na ji labarin nan ya fi a ƙirga, ban taɓa tunanin yin wannan tambaya ba.

"Bai hau ba, Baba. Tayoyin sun ruɓe, sarƙa ta ƙame. A kafaɗa ya ɗauke shi. Amma ya sa wa babana albarka."

Tsohon ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, muka ba shi ruwa. Da ya lafa sai ya cire tabarau ya share ido, kuma wannan hawayen ba na dariya ba ne.

"Ka san yadda na yi a asibitin can?" ya ce. "Babu mai shigowa wurina sai da riga kamar ta 'yan sama jannati. Duk Juma'a sai in tambayi lokaci. In aka ce la'asar ta yi a Doha sai in ce, yanzu Ɗalhatu ya kwance igiya. Yanzu ya wuce jar alamar nan da ke yawo a kan ruwa a bakin mafita. Yanzu iska ta fara dukansa. Ina binka har ka dawo. Da wannan na rayu, wallahi." Ya mayar da tabarau. "Ashe ni kaɗai nake fita."

Ɗalhatu ya durƙusa a gabansa, wannan dogon mutum, ya kifa kai a gwiwar tsohon. "Ka yafe mini, Baba. Na ci amanarka."

"Ba ka ci ba. Ka riƙe ta ne har ta kusa mutuwa a hannunka." Ya dafa kansa. "Tashi. Kwance igiyar nan, rana tana tafiya."

Haka aka yi na hau teku karo na farko. Ɗalhatu a sitiyari, tsoho yana ba shi umarni da kunne kawai: rage, ƙara, ka saki hannu kana shaƙe shi. Benayen Dafna da hotunan 'yan ƙwallonsu suka koma baya suka ƙanƙance. Gafaru yana gadin inji. Bu Jasim ya cire ƙyallen kansa ya bar iska tana dukan furfurarsa, ya sha gahawa kofi biyu. Ni kuwa abin da na shekara ina roƙo ya zame mini bala'i, amai ya taso mini, na rungume bokitin Ɗalhatu har muka dawo.

Da muka ɗaure, Ɗalhatu ya zare makulli ya sa a tafin tsohon da hannu biyu. Tsohon ya juya shi, ya mayar masa.

"Duk Juma'a," ya ce. "Ko ina nan ko ba na nan. In na ji ka rataye shi a azara, ni da kai ne."

Wannan ce fitarsa ta ƙarshe. Satin da aka buɗe gasar jikinsa ya tashi, likita ya hana shi sauka daga gado, yana can gidansa a Rayyan. Gari ya rikice da ganguna da ihun baƙi, kowa hankalinsa yana filin ƙwallo. Amma Juma'a tana yi, bayan la'asar, sai ga Ɗalhatu da filas ɗin gahawa, ya tsaya a ƙofata.

"Tashi mu je. Hannuna biyu suna sitiyari, wani zai riƙe waya."

Na ce masa ni gadi aka ɗauke ni, ba amai ba. Na faɗa masa magana iri-iri. Sannan na bi shi, don wa zai iya ce wa wannan mutumin a'a?

Da muka wuce jar alama Ɗalhatu ya kira gidan, aka kanga wa tsohon waya a kunne. Na durƙusa kusa da murfin inji, waya a hannun dama, bokiti a hagu. Shiru, shiru, ba ka jin komai daga can sai numfashi. Har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sai ga muryar, siririya.

"Ɗalhatu."

"Na'am, Baba."

"Kana tausaya masa da yawa. Ƙara masa wuta."

Ɗalhatu ya goge ido da bayan hannu, ya tura hannun mai gaba. Jirgi ya ɗaga kai, ni kuma na ƙara matsa wayar jikin injin don ya ji sosai.